Kura da fatar akuya: Maɓallan bogi da ke dakon masu sauko da finafinai a intanet

A ZAMANIN kaset, duk mai son kallon sabon fim ya san hanyar da zai bi. In mai kuɗi ne ya nufi Bata ko Ƙofar Wambai ya sayi nasa dal a kwali, in kuwa aljihu ba nauyi ya leƙa shagon haya na unguwa ya ajiye 'yan nairori ya karɓo. Iyakar cutar da za a yi masa ita ce a ba shi kaset ɗin da ya ga jiya ya ga yau, hoto na rawa, murya na shaƙewa, ko kuma sidin da zai maƙale daidai lokacin da aka fara waƙa. Ko hakan ta faru, akwai wanda za a kama. Washegari sai a koma wa mai shago a ce, "Haba Malam, wannan ai cuta ce," shi kuma ya ba da haƙuri ya canza wani.

Yanzu kasuwar ta koma cikin waya, kuma mai shagon ba ya da fuska. Yaro ko matar aure ko ɗan acaɓa zai rubuta sunan fim a Google, ko sunan sabuwar waƙar Hamisu Breaker, ko wani fim ɗin Indiya na fassarar Algaita, ya faɗa wani shafi da bai taɓa gani ba. Ga hoton fim ɗin nan ɓaro-ɓaro, ga sunan jarumai, a ƙasa kuma ga maɓalli kore shar an rubuta "Download" a jikin sa. Kusa da shi ga wani shuɗi, shi ma haka aka rubuta. Can ƙasa ga na uku ya na ƙyaftawa kamar fitilar gidan biki. Cikin ukun nan zai yi wuya a samu na gaskiya ko ɗaya. Sau da yawa na gaskiyar wani ɗan siririn rubutu ne da ke laɓe a gefe, wanda sai mai haƙuri zai gan shi.

Abin tambaya shi ne, me ya sa mai shafi zai ɓoye ƙofar da mutane su ka zo nema, ya bar ƙofofin bogi a buɗe? Amsar ita ce kuɗi. Mai shafin ba fim ya ke sayarwa ba, tunda kyauta ya ce a ɗauka, kuma dama ba shi ya zuba jari aka shirya ba. Abin da ya ke sayarwa shi ne mai kallon kan sa. Ya kan ba kamfanonin dillancin talla hayar wasu gurabe a shafin, su kuma su biya shi gwargwadon yawan idon da ya ga tallar, ko yawan yatsun da su ka danna ta, ko yawan wayoyin da aka saka wa wata manhaja ta dalilin sa. Manyan dillalai irin su Google su na da dokar da ta hana sa tallar su a shafin da ke raba kayan sata, don haka irin waɗannan shafuka su kan koma ga ƙananan dillalai waɗanda ba su tambayar mai talla ko wanene shi, ko me zai tallata. Shi kuma mai tallar ya san cewa duk wanda ya shigo shafin da niyya ɗaya ya zo, wato ya danna ya sauke. Sai kawai ya zana tallar sa da siffar maɓallin saukewa. Shi ke nan, tarko ya ɗanu.

Wani abin mamaki ma shi ne, sau tari mai shafin bai san tallar da ke fitowa a gaban kowane baƙo ba. Cikin ƙiftawar ido ake gwanjon gurbin tsakanin masu talla, kuma abin da mutumin Kano zai gani daban ne da wanda mutumin Landan zai gani, domin burauza ta kan sanar da shafi irin wayar da ke hannun mutum, adireshin layin sa kuma ya nuna ƙasar da ya ke. Wannan ne sirrin saƙon nan mai tayar da hankali da ke faɗowa da jan rubutu, wai "Tecno ɗin ka ta kamu da bairos guda huɗu, danna nan ka wanke ta." Mutum sai ya ce tunda har sun san sunan wayar, lallai gaskiya ne. Alhali babu wani shafin intanet da ke iya bincike cikin waya ya ƙirga bairos. Sunan wayar kawai su ka karanta, kamar yadda kowa zai karanta lambar mota a kan titi.

Wannan cuta ba yau ta fara ba, kuma ba a kan finafinan Hausa ta fara ba. Tun farkon shekarun 2000, lokacin da mu ke nan ana ta yayin Sangaya da Wasila, Turawa na can su na fama da manhajar Kazaa, wadda ake musayar waƙoƙi da ita, amma ta na shigowa kwamfuta da 'yan rakiya masu cika fuska da talla. Daga baya aka yi yayin LimeWire har kotu a Amurka ta dakatar da ita a 2010. Megaupload kuma hukumomin Amurka su ka rufe shi a watan Janairu 2012, aka kama mai shi, Kim Dotcom, a ƙasar Niyu Zilan. RapidShare ya rufe kan sa a 2015, Zippyshare ya bi sahu a watan Maris 2023, kuma cikin dalilan da masu shi su ka bayar har da yawaitar masu toshe talla, abin da ke nuna cewa da tallar ake rayuwa. Duk wanda ya faɗi, goma za su tsiro a madadin sa.

Hatta shafukan da ba na sata ba sun taɓa faɗawa. A 2013 masu manhajar gyaran hoto ta GIMP su ka kwashe kayan su daga SourceForge, wani tsohon rumbun manhajoji mai mutunci, su na kukan cewa tallace-tallace masu kama da maɓallin saukewa na ruɗar mutane. Abin ya kai ga a watan Fabrairu 2016 kamfanin Google ya ba da sanarwar cewa burauzar sa za ta riƙa nuna jan allon gargaɗi kafin a shiga shafin da ke ɗauke da irin waɗannan maɓallan. Gargaɗin na taimakawa, amma masu abin su kan canza adireshi kamar yadda ake canza riga, kafin a gano sabon sun ci kasuwar su.

To, in mutum ya danna na bogin, me ke biyo baya? Mafi sauƙi shi ne a ja shi zuwa shafin caca ko na batsa, ya ɓata datar sa, ya kuma sha kunya in a cikin mutane ya ke. Uwa ta ba yaro waya ya sauko mata da ci-gaban shirin da ta ke bi, sai ga hotunan da ba su dace ba sun cika fuska. Wannan kaɗai ya isa ɓacin rai a gidan mutunci.

Na biyu shi ne cin kati. Akwai shafukan da dannawa ɗaya ko biyu ta isa su yi wa layin mutum rajistar wani tsari na biya, wasanni ko hasashen ƙwallo ko wani abin da bai taɓa nema ba, domin in da datar layi ake shiga, tsarin cajin na iya gane lambar ba tare da an rubuta ta ba. Daga nan kullum a yanki wani abu. Mutum ya sa kati da safe, kafin azahar ya nemi kuɗi ya rasa, ya yi ta tsine wa kamfanin waya. A 2019 wani kamfanin tsaron wayoyi mai suna Upstream ya fito ya zargi manhajar VidMate, wadda matasan mu su ka daɗe su na sauko da bidiyo da ita, da loda tallar da ido ba ya gani tare da ƙoƙarin yi wa mutane rajistar biya a ɓoye. A shekarar dai ya yi irin wannan zargi a kan manhajar 4shared.

Na uku shi ne mai kashe gida. Maimakon fim, sai waya ta sauko da wata manhaja mai ɗauke da sunan fim ɗin, ko a ce wai sai an saka wata "fileya" ta musamman kafin hoton ya buɗe. Da an saka ta sai ta fara roƙon izini: ta karanta saƙonni, ta ga lambobin mutane, ta shiga ma'ajiyar hotuna, ta hau kan sauran manhajoji. Mai gaggawar kallo kuwa ba ya karatu, danna kawai ya ke yi. Wanda ya ba manhaja izinin karanta saƙonni ya ba ta damar ganin lambar sirrin nan ta OTP da banki ke turowa. A yau da kusan kowane mai shayi da mai kayan miya ke karɓar kuɗi ta waya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Garin neman fim ɗin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, sai jarin shekara ya tafi. Ga mata kuma akwai abin da ya fi kuɗi, wato hotunan cikin ɗaki da saƙonnin sirri da ke cikin wayar.

Kada wani ya ɗauka tatsuniya ce. A watan Maris 2025 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa a watan Disamba 2024 ya gano wani gagarumin farmaki da ya shafi na'urori kusan miliyan ɗaya a duniya, kuma tushen sa shi ne tallace-tallacen da aka dasa a shafukan kallon finafinan sata. Daga tallar ake tura mutum shafi zuwa shafi har a kai shi inda za a ɗora masa manhajar satar bayanai. Kafin nan, a 2019, kamfanin Kaspersky ya ce shirin Game of Thrones ne ya fi kowane shirin talbijin zama abin fakewa ga masu raba bairos a shekarar 2018, duk da cewa a shekarar ba a fitar da sabon kashi ko ɗaya ba. Abin da mutane su ka fi ɗoki, shi ake sa wa a bakin ƙugiya.

A nan gida, abincin ƙugiyar ya kasu biyu. Akwai kashin da bai fito ba: tun ranar Talata wani zai yi shelar cewa ya na da ci-gaban shirin da sai Juma'a za a saki. Ta ina ya samu, alhali editan ma bai gama haɗawa ba? Sannan akwai wanda ya fi muni, wato "bidiyon sirri na jaruma wance ya fita, danna ka gani kafin a goge." Duk wanda ya san harkar nan ya na tune da abin da ya faru a 2007, lokacin da wani hoton waya ya bazu a gari ya girgiza masana'antar, har gwamnatin Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. Mazambata sun san cewa tun daga lokacin kunnen jama'a a buɗe ya ke ga irin wannan labari. Sai su ɗauki hoton baiwar Allah daga Instagram, su liƙa masa ƙarya, su ɗana maɓalli a ƙasa. Ita an ɓata mata suna a banza, shi kuma mai son ganin ƙwaƙwaf an kwashe shi, kuma ba zai iya kai ƙara ko ya faɗa wa kowa abin da ya je nema ba.

Gane na bogi ba ya buƙatar digiri. Abu na farko da masu gyaran waya a Farm Centre da Titin Beirut su ka sani, wanda ya kamata kowa ya sani, shi ne wutsiyar sunan fayil. Fim ya kan ƙare da mp4 ko mkv ko avi, ko 3gp irin na ƙananan wayoyin da. Waƙa ta kan ƙare da mp3. Duk abin da ya ƙare da apk manhajar Android ce, wanda ya ƙare da exe kuma manhajar kwamfuta ce, ko da an rubuta sunan Ali Nuhu sau goma a gaban sa. Wasu ma su kan yi wayo su rubuta mp4 a tsakiya sannan apk a ƙarshe, to na ƙarshen shi ne gaskiyar. Fim ba a "saka" shi, buɗe shi kawai ake yi. Da zarar waya ta ce a je saiti a ba da izinin saka manhaja daga wajen Play Store, to magana ta ƙare, ba fim ba ne.

Sai nauyi. Shiri na awa guda, ko an matse shi yaya, zai kai gomman megabait ko fiye, mai kyan hoto kuwa ya haura ɗari biyar. In aka ce ga cikakken fim amma nauyin sa megabait uku ko biyar, ruwa ba ya tsami banza.

Shi kan sa maɓallin ya na da alamomi. Na bogi ya fi son ado: girma, launi mai ɗaukar ido, kibiya mai motsi, da kalmomin gaggawa. Sau da yawa akwai ɗan ƙaramin alwatika shuɗi ko alamar X a kusurwar sa, ko a rubuta "Ad" da ƙananan baƙaƙe, wanda ke nuna talla ce. In aka sake loda shafin, na bogi kan canza launi ko wuri, ko ya koma tallar wani abu daban, na gaskiya kuwa ya na nan inda ya ke. A waya, in mutum ya ɗora yatsa a kan maɓalli ya riƙe bai saki ba, burauza kan nuna adireshin da zai kai shi. A kwamfuta kuma ɗora kibiyar linzami kawai za a yi a duba ƙasan allo. In sunan da ya fito bai yi kama da na shafin da ake ciki ba, wasu haruffa ne barkatai masu tsawo, to a janye hannu. Amma a sani, wannan dabara ba ta kama kowane ɓarawo, domin akwai shafukan da ke shimfiɗa wani labule marar launi a kan fuskar gaba ɗaya, ta yadda duk inda aka fara taɓawa sai sabon shafi ya buɗe. Maganin wannan shi ne a rufe sabon shafin nan take ba tare da an taɓa komai a cikin sa ba, ko da maɓallin da ya ce "rufe" ne.

Akwai kuma 'yar tambayar nan da ke faɗowa daga sama, mai cewa a danna "Allow" don a tabbatar mutum ne ba inji ba, ko don saukewa ta fara. Ƙarya ce. Izinin turo sanarwa ake nema, kuma wanda ya bayar zai yi ta ganin tallar banza na faɗowa a wayar sa dare da rana ko ya rufe burauza. Ana cire wannan a cikin saitin Chrome, a sashen shafuka, wurin sanarwa. Haka nan duk shafin da ya ce a sabunta Flash Player kafin a kalli fim, maƙaryaci ne, domin kamfanin Adobe ya yi wa Flash jana'iza tun ranar 31 ga Disamba, 2020. Masu kwamfuta kuma su kula da wata sabuwar dabara da ta yaɗu daga 2024, inda shafi zai ce don tantancewa a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a liƙa wani rubutu, a buga. Wanda ya yi haka da hannun sa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Shafin da ya nemi lambar waya, ko lambar katin banki, ko BVN kafin ya ba da fim "kyauta" kuwa, ba ya ma buƙatar dogon bayani.

Manhajar toshe talla na rage yawancin wannan ƙura. Hukumar FBI ta Amurka da kan ta ta ba jama'a shawarar amfani da ita a watan Disamba 2022, bayan ta lura 'yan damfara na sayen gurbin talla a saman sakamakon bincike su na kwaikwayon manyan kamfanoni. Ke nan ko a Google ɗin ma, abin da ya fito a sahun farko da alamar talla a jikin sa ba lallai ne ya zama shi ne na ƙwarai ba.

Wanda ya riga ya faɗa fa? Ya kashe data tukuna, ya shiga jerin manhajoji ya goge duk baƙuwar da bai san ta ba, musamman marar suna ko marar hoto. In ta ƙi goguwa, a duba ko ta karɓi matsayin mai kula da waya a cikin saiti, a ƙwace, sannan a goge. In akwai manhajar banki a wayar, a kira bankin a toshe kati, a canza lambobin sirri daga wata wayar daban. Don cin kati, a Nijeriya ana danna *305# a ga tsare-tsaren biya da ke kan layi a soke su, ana tura STOP zuwa 2442 don hana saƙonnin talla, in kamfani ya ƙi sauraro kuma akwai layin ƙorafi na hukumar NCC, wato 622. In abin ya ci tura sai a kwashe hotuna da lambobi a yi wa wayar wankan tsarki, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Nan ne ma ya kamata a yi wa masu turi adalci. Furodusoshi sun daɗe su na kuka da su, kuma kukan na da dalili, domin tura fim a memori na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar sidi. Amma ta fuskar mai kallo, ɗan turin bakin kasuwa ya fi shafin da ba a san mai shi ba, tunda shi ana ganin sa, in ya tura abin da ya lalata waya za a dawo masa. Sai dai shi ma daga irin waɗannan shafuka ya ke kwaso wasu kayan, kwamfutar sa kuma memori ɗari ke shiga cikin ta a yini. In ta kamu, ta zama rijiyar da duk unguwa ke sha.

Abin takaicin shi ne yawancin abin da ake shiga wannan haɗari dominsa ya na nan a fili, halak malak. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, ta kuma zo da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, sannan finafinai masu dogon zango su ka karɓe kasuwa a wajajen 2020, masu shiryawa da kan su ke ɗora aikin su a YouTube. Izzar So na Lawan Ahmad a tashar Bakori TV ya yi suna, Labarina na Malam Aminu Saira kuma ana samun sa a Saira Movies. A can ma akwai talla, amma wani kaso na kuɗin ta na komawa ga wanda ya biya 'yan wasa, ya ɗauki hayar kyamara, ya ciyar da ma'aikata a lokeshan. Manhajar YouTube ɗin kuma ta na ba da damar ajiye bidiyo da yawa a cikin ta don a kalla daga baya, mutum na iya yin haka da datar dare mai araha. Wanda ya tsallake wannan ya tafi shafin sata ya yi wa furodusa asarar kallo ɗaya, ya kai wa ɓarawon fim ɗin riba, sannan ya miƙa wayar sa ga ɓarawo na biyu.

Su ma 'yan fim akwai aiki a gaban su. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta ba mai aiki damar rubuta wa masu ɗauke da shafi takardar neman a sauke kayan sa da aka ɗora ba izini, ta kuma ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ikon sa a toshe shafin da ke wannan sana'a. Kafin a kai ga kotu ma akwai abu mai sauƙi: duk jarumin da ke da mabiya dubbai a Instagram ko TikTok zai iya rubuta sunan tashar da fim ɗin sa zai fito, da rana, da lokaci, a ƙarƙashin kowace fosta, ya kuma faɗa da bakin sa a ƙarshen tirela cewa duk wanda ya ce ya na da kashi na gaba kafin ranar, ba daga wurin su ya fito ba.